Zanen shagunan Alhaji da aka aiko daga Katsina

Maraɗi, ranar Talata.

Aikin yau gaba ɗaya ya ƙare a kan fayil biyu. Wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi, yana son gina jerin shaguna da ɗakin ajiya a filinsa da ke hanyar Ɗan Isa, kuma mai zanen gine-ginen da ya ba aikin yana Katsina, saboda haka ta WhatsApp zanen ya iso gare mu. Fayil na biyu taswirar filin ce, wadda mai auna filaye na nan garin ya yi. Abin da maigidana ya ɗora mini shi ne in tabbatar fayilolin lafiyayyu ne, kuma sun dace da juna, kafin a buga takarda a miƙa wa magina.

Na Katsina ya ƙi buɗuwa a kwamfutar ofis, wadda ke ɗauke da AutoCAD na 2013, manhajar zane ta kamfanin Autodesk. Yaron da ke koyon aiki a wurinmu ya ce, "Yaya, ai fayil ɗin ya lalace a hanya." Na buɗe shi da Notepad, manhajar rubutu, na nuna masa haruffa shida na farko, inda aka rubuta AC1032, wato tsarin DWG na 2018 (DWG shi ne nau'in fayil ɗin zanen AutoCAD). Manhajarmu kuwa iyakarta AC1027, tsarin da aka yi amfani da shi daga 2013 zuwa 2017, kuma tsohuwar manhaja ba ta karanta tsarin da ya zo bayanta. DWG TrueView, wadda kamfanin Autodesk ke bayarwa kyauta, ita ta mayar mana da shi tsarin 2013, kuma a kan kwafi na yi hakan, na bar na asali yadda ya zo.

Taswirar fili ta buɗe, amma da gargaɗin cewa ba manhajar Autodesk ce ta adana ta ba. Wannan saƙo yana firgita mutane fiye da kima. Tun daga AutoCAD na 2007 kamfanin yake sa wa fayilolinsa alamar da ya kira TrustedDWG, kuma rashin alamar yana nufin an yi aikin da wata manhajar dabam ne kawai, irin waɗanda suka dogara da kayan aikin ƙungiyar Open Design Alliance da aka kafa a 1998. Na bi fayilolin biyu da umarnin AUDIT, wanda ke binciken kurakuran cikin fayil yana gyara abin da zai gyaru, sai dai da yake manhajarmu ta Faransanci ce, sai an sa ɗan layin ƙasa (_) a farkon umarnin kafin ta karɓe shi. Kurakuran da ya samu kaɗan ne, don haka ba a kai ga RECOVER, umarnin ceto fayil ɗin da ya lalace, ba. An rasa wani nau'in rubutu da mai zanen ya yi amfani da shi, akwai kuma zanen bututun ruwa da ya haɗa daga waje bai aiko da shi ba.

Matsalar gaske babu saƙon da ya faɗe ta. Na auna faɗin ƙofar shago a zanen Katsina, na ga 36, alhali a taswirar fili komai da mita aka auna shi. Da na duba INSUNITS, wurin da fayil ke bayyana ma'auninsa, sai na tarar da 0, wato ba a faɗi ma'auni ba sam, inda ya kamata a ga 1 idan inci ne, 4 idan milimita ne, 6 idan mita ne. AUDIT ba ya duba wannan, domin a wurinsa layi mai tsawon 36 lafiyayyen layi ne, ko inci ne ko mita. Ƙofa mai inci 36 ta ɗan haura santimita 91, wanda ya yi daidai da hankali, saboda haka na ninka awon zanen da 0.0254 don ya koma mita, na ɗora shi a kan taswirar.

Nan ne ginin ya leƙa waje. Mai zanen ya ɗauka filin ƙafa 50 ne a kan ƙafa 100, kamar yadda aka saba yanka filaye a Najeriya, wato mita 15.24 a kan 30.48, amma filin Alhaji mita 15 ne a kan 30. Bangon gefe ya shiga filin maƙwabci da santimita 24, na baya kuma da 48. A allon kwamfuta wannan bai kai kaurin yatsa ba, amma a ƙasa ya isa ya kai mutum gaban alƙali bayan an zuba tushe.

Bayan la'asar Alhaji ya zo karɓar takardu. Maigidana ya ce masa, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri zuwa jibi, zanen ya fi filin girma." Bai ji daɗi ba, domin ya riga ya sauke siminti, amma da aka nuna masa layin iyaka a allo sai ya kira mai zanen da kansa. Na roƙi mai zanen ya sake aiko da aikin ta ETRANSMIT, wanda ke tattara zane da rubutunsa da duk fayilolin da ya dogara da su a ƙunshi ɗaya, ya adana shi a tsarin 2013, ya haɗa da PDF mai ɗauke da awo don mu gwada. Ya ce zai rage faɗin ɗakin ajiya ya bar shagunan yadda suke, Alhaji kuma ya amince da hakan.