Yaron da Ya Daina Yi Mini Musu

Shagon ɗinkina yana kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, kekuna shida da injin surfani guda. Ƙannena da kuka fara riƙe yara a ƙarƙashinku, a shago ne ko a ofis, da ku nake. Abin a kaina ya faru, kuma ni ne mai laifi.

Akwai yaron da ya shekara biyar a wurina. Hannunsa na da kyau, amma bakinsa ya fi hannun amfani, ban dai gane ba sai daga baya. Musu gare shi. Sai in gama haɗa kaftani in ce a goge, ya ɗaga shi ya juya, ya ce, "Maigida, wuyan nan bai zauna ba, bari in farke." Mai kaya zai kawo shadda yana son babbar riga, kafin in buɗe baki yaron ya ce yadin ba zai kai ba. Haushi yake ba ni a gaban mutane, amma kayan da ya bi ta hannunsa ba ya dawowa gyara.

Sai azumin 2023 ya zo. Kun tuna watannin da suka gabace shi: an canza kuɗi, takardar Naira ta ɓace a hannun jama'a, muka yi makonni muna kallon titi. Da ciniki ya buɗe, duk wanda ya shigo da leda sai in karɓa in ce kafin Sallah zai samu. Abin da hannayenmu ke iya fitarwa a wata bai fi saiti 180 ba. Na karɓi kusan 300. Kwaɗayi mabuɗin wahala, sai dai ni na yi kwaɗayin, yara suka sha wahalar.

Ga inda na fi yin wauta. Rago ya ɓata ɗinki sau ɗaya, sai in daina ba shi mai wuya. Kayan manyan mutane, kayan gaggawa, gyaran ɓarnar wani, duk kan yaron nan suke sauka, tunda shi ba ya ba ni kunya. Ashe hutu nake saka wa rago da shi, mai himma kuma ina ƙara masa kaya, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Daga sallar asham sai kan keke har sahur, janareta na ruri, a ɗan miƙe kan tabarma cikin ƙyallaye, ƙarfe tara a koma. Ba Juma'a, ba Lahadi.

A goman ƙarshe ya daina musu. Kome na ce, "To, Maigida." Har murna na yi, na ce wa maƙwabcina yaro ya girma ya yi hankali. Bayan Sallah kaya suka fara dawowa: aljihu ɗaya ya fi ɗaya zurfi, hannun riga ya karkace, wando ya ɗage. Ido irin nasa ba zai kasa ganin wannan ba. Ya gani sarai, ya bar shi ya wuce. Mutumin da ke farke wuya don milimita kaɗan shi ne ya koma in dai an miƙa wa mai kaya shi ke nan. Na ƙara masa kuɗi, ya karɓa ya yi godiya, ya ci gaba da zuwa kan lokaci. Jikinsa ne kawai ke zuwa. Wata huɗu bayan haka ya yi mini sallama cikin ladabi.

Daga baya na ga abin har suna gare shi a wurin masana: da Turanci suna ce masa "burnout", wato gajiyar jiki da ta zuciya saboda aiki ya yi wa mutum yawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya janye zuciyarsa daga aikin, ingancin aikinsa ya ragu. Duka ukun na gansu a kan keke ɗaya. A 2021 ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ce aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, in an gwada da mai yin awa 35 zuwa 40. Yarana sun ninka 55 ɗin, ga azumi a baki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta tanadar wa ma'aikaci hutun yini guda a kowane kwana bakwai. Ni da nake alfahari ina kamanta gaskiya, ko wannan ban ba su ba.

Yanzu kafin in karɓi yadi sai na ƙirga hannayen da nake da su. In adadin ya cika, sai in manna takarda a ƙofa: an rufe karɓar ɗinkin Sallah. Masu kaya suna fushi, wasu har da zagi, amma baɗi su ne farkon zuwa. Aiki mai wuya kuma zagayawa yake, ko da sai na zauna kusa da rago na koya masa. Ka lura da yaronka mafi himma. Ranar da ya daina kawo shawara, ya daina ja da kai, kada ka ce ya nutsu. Shiru ma magana ce. Kai kuma da ake lafta wa aiki, kada ka haɗiye. In oga ya ƙara maka, tambaye shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wanne zan ajiye in yi wannan?"

Yaron ya buɗe nasa shagon a Yelwa. Kwanaki na biya ta wurin, ya taso da sauri ya ba ni kujera, ya aika a kawo mini ruwa. Muna cikin gaisawa na ga idonsa ya tsaya a ƙirjina. Ya ce, "Maigida, wa ya ɗinka maka kaftanin nan? Wuyan bai zauna ba."