Wa ke jinyar mai jinya?

A yawancin gidajen da ke da mai ciwon sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, mutum ɗaya ne ke ɗauke da komai, galibi uwa ko mata. Ita ke ba da magani, ita ke rakiya asibiti, ita ke ba maƙwabta haƙuri, kuma ita ce ba ta runtsawa duk daren da ya kwana zagayen tsakar gida yana mayar wa muryoyin da shi kaɗai ke ji amsa. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon sun kai miliyan 24 a duniya. Yakan fara tun mutum na matashi, don haka jinyar ta shekaru ce.

Abin da ya fi karya mai jinya shi ne ciwon ya lafa, a fara murna, ya sake tashi. Sau da yawa daina shan magani ne ke jawo haka, kuma ba kullum ne taurin kai ba. Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine kan sandarar da jiki, su kawo karkarwa da dalalar miyau, wani lokaci ido ya kafe sama. Dangi na ganin haka sai a ce aljanun sun dawo, a watsar da magani. A koma wurin likita. Zai iya rage ƙarfinsa, ko ya canza, ko ya haɗa da Artane, maganin da ke rage sandarewar da karkarwar. Maganin olanzapine kuwa yunwa da ƙiba yake kawowa, har ya kai ga ciwon suga, shi ya sa ake auna nauyi a kai a kai. In ana rigima kullum kan haɗiyar ƙwaya, a tambayi likita allurar da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu. Wannan kaɗai kan sauke wa uwa rabin kayanta. Amma zazzaɓi mai zafi haɗe da sandarewar jiki da ruɗewa ba ya jiran ranar asibiti, a tafi nan take.

Ruƙya da addu'a ba su hana shan magani ba. Mari da duka kuwa tsoro suke ƙarawa, wiwi kuma na tayar da ciwon.

Sai yanayin gidan kansa. Tun binciken masanin zamantakewa George Brown a Ingila wajen shekarun 1960 aka gano cewa ciwon ya fi yawan tashi a gidan da ake yawan faɗa da gori, haka ma gidan da ake kaffa-kaffa da majinyaci har ba a barinsa ya ɗauki buta. Kwanciya wuni guda, ƙin wanka da rashin magana suna cikin ciwon, ba lalaci ba ne. A ba shi aiki ɗaya ƙarami, kamar sharar ƙofar ɗaki ko ba awaki dusa, a faɗa a taƙaice. In ya ce an sa masa guba a tuwo, musu ba ya fisshe ku. Ki ce, "Ni ban gani ba, amma na ga hankalinka ya tashi," ki ci loma ɗaya a gabansa.

Ita mai jinyar fa? Haƙuri abin yabo ne, amma a ganina dangi kan fake da yabon su zame jiki. A zauna a raba aiki da suna: wane kuɗin magani, wane rakiya zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware, wance ta karɓi kwana ɗaya a mako don uwa ta yi barci ko ta je biki. Idan mai jinya ta yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, tana kuka ba dalili, ita ma ta yanki kati ranar da ta raka shi, a auna mata jini, ta faɗa wa likita halin da take ciki.

A ajiye ƙaramin littafi kusa da magani. A rubuta sunan maganin da adadinsa, ranar allura ta gaba, da awannin da majinyaci ya yi barci. Kafin ciwon ya tashi barci ne ke fara ƙauracewa, sai keɓewa da yawan zargi. Dare biyu ko uku a jere ba barci ya isa a koma asibiti, ko da ranar da aka rubuta a kati ba ta zo ba.