Ɗamarar kyamara: sauke nauyi daga wuya zuwa ƙugu

Kyamarar Canon 5D Mark III da batirinta tana da nauyin giram 950. Gilashin zuƙowa na 70-200 mai f/2.8, zubi na biyu, giram 1,490 ne. In an ɗora fitilar filas da batura huɗu a sama, an tasam ma kilo 3. Wannan ne abin da mai hoton biki a Damagaram ke ratayawa a wuya tun daga ɗaurin aure da safe har kai amarya da dare, a kan igiyar da faɗinta bai wuce yatsa biyu ba. Igiyar tana jan kai gaba, jijiyoyin ƙeya da na kafaɗa suna ta riƙewa, kafin la'asar ciwo ya sauka tsakanin kafaɗu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zufa na jiƙa igiyar, gishiri ya bushe a kanta, ta riƙa goge fata har ƙuraje su fito. Ga kuma lilo: da ka sunkuya gyara wa yaro hula, kyamara ta tafi gaba ta bugi abin da ta tarar.

Ƙashin ƙugu yana miƙa nauyi kai tsaye zuwa ƙafafu, ba ya bi ta wuya ko kafaɗa. Dalilin ke nan da ya sa masu hoto da yawa suka koma ga ɗamara mai kuben ƙarfe a gefe, inda ake maƙale kyamara. Muna ganin ga mai aikin yini guda ta fi igiyar wuya nesa ba kusa ba, amma da sharaɗi: igiya ko an yi sakaci tana riƙe da kyamara, ɗamara kuwa ba ta yafe sakaci.

Iri uku aka fi sani. Na kamfanin Spider Holster na Amurka yana da ɗan ƙarfe mai kai kamar ƙwallo da ake ɗaurawa a gindin kyamara. Ƙwallon ya zame cikin tsagar kube, kyamara ta rataya kai ƙasa, gilashi na kallon baya, tana ɗan juyawa da motsin cinya. Yana da ɗan maɓalli mai matsayi biyu, ɗaya a buɗe don zara da sauri, ɗaya a kulle. Na Peak Design, mai suna Capture, wanda ya fara fitowa a 2011, ƙarafa biyu ne da ke matse bel a tsakaninsu da noti biyu, sai ɗan faranti mai kusurwa huɗu a gindin kyamara da ke shiga ya kulle kansa, ba ya fita sai an danna maɓalli. Shi da farantinsa giram 84 ne kacal, yana kuma kama bel mai faɗin da ya kai santimita 6.4. Farantinsa zubin Arca-Swiss ne, wato yana hawa kan ƙafa-uku da yawa ba sai an kwance ba. Na uku na Cotton Carrier ne daga Kanada, wanda ake saka kyamara a karkace a murɗa ta kwata ta kulle.

Ga mai babban gilashi, irin mai ƙwallo ya fi daɗi, domin kyamara na kwantawa a jikin cinya. Capture yana riƙe ta ƙam, gilashi na kallon ƙasa, don haka da dogon gilashi sai ya riƙa dukan cinya a kowane taku, bel kuma ya karkace waje, sai an sa masa matashin da ke tallafe shi ta baya. Da ƙaramar kyamara da gajeren gilashi kuwa babu kamarsa.

Duk waɗannan a kan abu ɗaya suka rataya: noti guda a ramin da ke gindin kyamara. A nan ne ya kamata a daɗe.

Ramin nan ma'aunin inci ne. Kaurin notinsa kwatan inci, wato milimita 6.35, da haƙora 20 a kowane inci. Notin da ke cike a wurin masu kayan moto da masu walda shi ne M6, kaurinsa milimita 6, haƙoransa a tazarar milimita 1, alhali na kyamara tazararsa milimita 1.27 ce. A ido kamar ɗaya suke. M6 zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije. Wanda bai sani ba ya ƙara ƙarfi, haƙoran ramin su lalace, daga nan ko notin gaskiya ba zai kama sosai ba. Kada ka yarda a ƙera maka faranti da notin kasuwa sai ka tabbatar da ma'auninsa. Tsawon ma yana da iyaka. Littattafan kyamarorin Sony suna gargaɗin kada abin da zai shiga ramin ya kai milimita 5.5, kuma dokar ta dace da saura: dogon noti yana tokare ƙarshen rami kafin faranti ya manne, ka ji kamar ya ɗauru alhali faranti na rawa, in ka matsa kuma ya fasa ƙasan ramin.

Yadda ake ɗaurawa: a goge gindin kyamara da robar faranti da busasshen ƙyalle, domin ƙura a tsakaninsu na sa santsi. A fara murɗa notin da yatsa. In bai shiga salin-alin zagaye uku ba, a fitar a duba. Sai a ƙarasa da alanki, ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida, har ya tsaya, a ɗan ƙara kaɗan, ba da dukkan ƙarfin hannu ba. Ɗaurin da aka yi da kwabo ko da farce ba ya kai yamma. Kafin a ajiye alanki, a buɗe ƙofar batir a gani, don a ƙananan kyamarori faranti kan toshe ta, kuma tsakiyar biki ba lokacin neman alanki ba ne.

Noti yana kwancewa ne saboda kowane taku yana ɗan murɗa kyamara a kan faranti, robar kuma tana lotsewa da zafi. Maganinsa mai arha shi ne alama: a ja ɗan layi da farin fenti ko jan farce daga faranti zuwa jikin kyamara. In layin ya rabu biyu, faranti ya juya, a sake ɗaurewa nan take. Wasu na ɗiga ruwan kulle noti irin Loctite. In za a yi, shuɗin ake sawa, ɗigo guda a kan haƙoran, ba jan ba, domin ja ba ya kwancewa sai da wuta. Kada ya taɓa roba, yana tsattsaga wasu irinta.

In gilashi yana da zobe da ƙafarsa, kamar 70-200, a ƙafar ake ɗaura faranti, ba a jikin kyamara ba. Kilo ɗaya da rabi da ke lilo daga bakin kyamara yini guda yana gajiyar da ƙananan notocin da ke riƙe bakin, wata rana hoto ya fara fita gefe ɗaya garau gefe ɗaya dishi-dishi. Mai ƙarin gidan batir a ƙasan kyamara shi ma ya sani cewa yanzu wurin kwancewa biyu gare shi, kuma gidan batir na kwaikwayo mai ramin roba bai kamata a rataya komai a kansa ba.

Sai ita kanta ɗamarar. Bel ɗin wando na yau da kullum bai isa ba: yana lanƙwashewa, kube ya kifa waje, kyamara ta ja wando ƙasa. Gwajinsa, ka matse shi tsakanin babban yatsa da manuni daga sama da ƙasa. In ya naɗe, ajiye shi. A nan muna da sa'a, garin dukawa ne. Fatar akuya da ake jema a Majema tana da taushi da kyau, ta dace da shafi na ciki, amma ƙashin ɗamarar ƙirgi yake so. Ka ce wa baduku faɗi santimita 4 zuwa 5, ninki biyu a ɗinke baki da baki, kauri wajen milimita 4 zuwa 5, kan bel na ƙarfe mai harshe biyu, ramuka kusa da kusa don a iya matsewa kaɗan-kaɗan. Ka kai masa kuben ya auna da kansa. Ɗamara aikin gida ce da za ta iya fin ta kanti. Ƙarfen kullewa kuwa a saye shi ƙerarre. Yawanci sai an yi saƙo ta Kano ko Yamai, kuma akwai na kwaikwayo. Duk wanda ya zo hannunka, ka ɗaura igiya a farantin, ka rataya jarkar ruwa mai lita 5, wato kilo 5, ka yi tafiya da tsalle a tsakar gida. In ya saki, ruwa ya zube, ba kyamara ba.

Kamfanonin nan sun ƙera kayansu ne da tunanin mai riga a cikin wando. Mu kuwa kaftani ne da wando mai mazagi, ranar Sallah ma babbar riga. Ɗamara a ƙarƙashin kaftani ba ta aiki, sai an ɗaga riga kafin a kai ga kyamara. A kan kaftani ake ɗaura ta, a tattara yalwar yadin zuwa baya, a ja gefen da kube yake ya miƙe sumul. Yadin da ya taru a bakin kube shi ne babban mai jawo faɗuwa: ya shiga tsaga tare da faranti, kulle bai kama ba, mai hoto ya saki hannu. Babbar riga da ɗamara ba sa haɗuwa. Mai aiki ya bar ta ga ango. Mata masu ɗaukar hoton kamu da wuni suna iya ɗaurawa a kan doguwar riga, da hijabin da bai wuce ƙugu ba ta gefen dama, ko a maƙale gefensa da fil.

Wurin zamanta a kan ƙashin kwatangwalo ne, ba a kan ciki ba. Kube ya zauna daidai ɗinkin gefen riga, ko ɗan baya kaɗan, inda hannun dama ke faɗawa da kansa. In ya yi gaba, cinya na tunkuɗe gilashi duk lokacin da aka ɗaga ƙafa. Nauyi gefe ɗaya na sa mutum ya karkata bai sani ba, ciwon ya bar wuya ya koma kwankwaso, don haka a rataya jakar filas da batura ko gorar ruwa a hagu.

Da ka zare kyamara daga kube, babu abin da ke riƙe da ita sai yatsunka. Igiyar wuyan hannu dole ce. Mafi kyau ma a ƙara siririyar igiyar tsaro daga kunnen kyamara, inda ake ɗaura igiyar wuya, zuwa ɗamara, ba daga faranti ba, tunda farantin ne ake tsoron ya kwance. Tsawonta ya isa kai kyamara ido, amma kada ya kai ta ƙasa. Wajen mayarwa, ka ji ƙarar kulle, ka ɗan ja sama, sannan ka saki. A cikin kiɗan kalangu da algaita ba a jin ƙarar, jan ne shaida.

Akwai motsin da ke cikin rayuwarmu da ya kamata a gwada a gida. Durƙusawa gaida manya, ko faɗuwa gaisuwa a fada, yana kai bakin dogon gilashi ƙasa kafin gwiwa ta kai. A riƙe kyamara a hannu kafin a durƙusa, a kuma bar hular gilashi, wato zoben da ke kare shi daga hasken rana, a bakinsa kullum, ita ce ke shan duka. Zama a tabarma haka. Lokacin salla a kwance ɗamarar gaba ɗaya. Gilashin zuƙowa da ke kallon ƙasa yana zamewa ya miƙe da kansa, in yana da maɓallin kullewa a yi amfani da shi. A lungunan Birni da ƙofofin zaure ka tuna faɗinka ya ƙaru da taƙi guda ta dama. A kan kabu-kabu kuwa kyamara jaka take shiga: in moto ya zame a yashi, gefen ƙugu ne ke fara sauka, asarar ta zama biyu, ta kyamara da ta ƙashi.

Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ko a filin kokowa, maɓalli a kulle yake zama, hannu a kan kyamara in ana turereniya. A ƙugu tana ƙasa da idonka, tana kuma daidai inda ƙurar kofato ta fi kauri. Ƙurar nan da ta hunturu suna shiga cikin kulle, maɓalli ya fara nauyi ko ya maƙale a buɗe. Kada a sa mai ko giris, ƙura na haɗuwa da shi ta zama laka mai cin ƙarfe. Tsohon buroshin haƙori da robar hura iska sun wadatar, bayan kowane aikin waje. Notocin da ke matse kube a jikin bel su ma a taɓa su, domin sabon ƙirgi yana lotsewa a makonnin farko.

Mai ɗakin hoto da ke ɗaukar hoton katin shaida, ko mai ƙaramar kyamara da ba ta kai kilo ɗaya ba wanda aikinsa awa guda ne, ba ya bukatar duk wannan. Mai hawa duwatsun gari don ɗaukar Zango da Birni daga sama ma gara ya rataya igiya a kaikaice, daga kafaɗar hagu zuwa ƙugun dama, kyamara a bayansa, don dutse ba ya barin abin da ya fito a gefe. Wanda ya sayi ɗamara kuma kada ya fara da bikin mutane. Ya yi mako guda yana zarewa da mayarwa a kan katifa, sanye da irin kaftanin da zai sa ranar aiki, har hannu ya riƙa samun kube ba tare da ido ya duba ba.