Asabar: ni da Baba da hoton Harami na 1880

Yau ban fita kasuwa ba saboda hazo. Bayan la'asar na ɗauki kwamfuta na shiga turakar Baba, na ce masa, "Baba, ga wani wuri, ko za ka gane shi?" Ya sa tabarau, ya matso da fuska har tana neman taɓa gilashin. Ka'aba ya fara ganewa, sai ya yi salati. Sauran ginin kuwa ya ce bai san shi ba, shi da ya sauke farali tun zamanin Murtala.

Hoton na Muhammad Sadik Bey ne, injiniyan sojan Masar. Shi ya ɗauki Madina a 1861, sannan a 1880 ya biyo ayarin Mahmal mai kawo rigar Ka'aba daga Alƙahira ya ɗauki Makka. Aikin ba wasa ba ne. Farantin gilashi ake shafa wa magani, a tsoma cikin ruwan azurfa a duhu, a ɗauki hoton, a wanke shi tun bai bushe ba, cikin kamar minti 15. A zafin Hijaz! Ni da nake ƙorafi idan waya ta ƙi caji.

Muka tsaya kan 'yan rumfunan da ke kewaye da Ka'aba. Na gaya masa a da kowace mazhaba da wurin tsayuwar limaminta: Hanafiyya, Malikiyya, Shafi'iyya, Hambaliyya. Baba ya ce, "To ina tamu?" Na nuna masa wajen yamma. Ya daɗe yana kallo, ya ce ke nan alhazanmu na ƙafa, waɗanda ke ratsa Cadi da Sudan shekara da shekaru, nan suke nufa su yi sahu. Sarki Abdul'aziz na Saudiyya ne ya haɗa jama'a bayan limami ɗaya, rumfunan kuma aka kawar da su bayan an fara faɗaɗa masallacin a 1955.

Da muka koma wasu hotunan na wancan zamanin, ya hango ganuwar Ajyad, tsohon sansanin sojan Turkawa, a kan dutse, nan ya gyara zama. Wannan kam ya gani da idonsa. Da na ce an rushe ta a 2002, an fasa dutsen, dogon benen agogo ne a wurin yanzu, sai ya ce, "Ikon Allah," ya ja carbinsa.

Ni ban ga laifin faɗaɗawa ba, miliyoyin mutane ba za su shiga wancan ɗan fili ba. Amma ganuwar ta ba ni haushi, don ba sahun sallah aka yi a gurbinta ba.

Baba ya ce a wanko masa hoton babba, a sa masa firam. Hajiya ta leƙo ta ce in dai za a kashe kuɗi, ita mai kala take so, mai fitilu. Litinin zan je in ji farashin biyun.