Mai niƙan da bai taɓa mallakar inji ba

Maƙwabciyata ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Dattijuwa ce Baturiya, ta haura tamanin, gidanmu na jikin nata a garin Boston da ke Lincolnshire a Ingila. Wata rana muna zaune a ɗakin girkinta na ba ta labarin cewa mahaifina mai injin niƙa ne, da garin masara a gira na tashi ina ganinsa. Sai ta ajiye kofin shayinta ta ce ai su ma jinin masu niƙa ne, kakan mahaifinta yana da nasa injin mai aiki da iska a zamanin Sarauniya Victoria. Ta ce tana son sanin inda injin yake kafin ta bar duniya. Na ce mata, "Iya, bar min wannan." Na ɗauka aikin mako biyu ne, sai ga shi ya ci min kusan shekara.

Abin da ta ba ni bai wuce sunansa da sunan ɗansa ba. Na fara da shafin intanet na FreeBMD, inda 'yan sa-kai suka kwafe jerin haihuwa da aure da mutuwa da gwamnati ta fara ajiyewa ranar 1 ga Yulin 1837. Daga nan na shiga takardun ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara goma. Ta 1841 ba ta da daɗin aiki: ba ta faɗin dangantakar mutanen gida, ba ta faɗin garin haihuwa, kuma wanda ya wuce shekara 15 sai a rage masa shekaru zuwa biyar-biyar, mai 39 ya koma 35. Daga ta 1851 ne abin ya fara magana.

Da wuri na samu mutum mai wannan suna, mai niƙa, yana da ma'aikata da 'yar aiki a gida, sunansa har a kundin 'yan kasuwa na Kelly. Murna ta kama ni. Na bi shi wata uku, na tara masa 'ya'ya da jikoki, har na je na tsaya gindin ragowar ginin injin na ɗauki hoto. Abin da ya kwance min lissafi takardar haihuwar ɗan ce, wadda na biya kuɗi na yi oda daga ofishin rajista na ƙasa. Sunan mahaifiya bai zo ɗaya da na matar mutumina ba. A gurbin sana'ar uba kuma an rubuta "journeyman miller". Wato wanda ya gama koyon sana'a amma yake yi wa wani aiki a biya shi lada. A wurinmu yaron inji ke nan, ko da ya yi furfura.

Ashe mutum biyu ne masu suna ɗaya a yanki ɗaya. Da na yi odar takardar nan tun farko, da ban ɓata wata uku ba. Tun daga ranar ban sake yarda da suna shi kaɗai ba, sai sunan gidan su matar ya tabbatar. Shafin ofishin rajistar yana nuna sunan gidan su uwa a jerin haihuwa tun daga 1837, kuma da shi na tsamo sauran 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya.

Namu mutumin ba ya cikin kundin 'yan kasuwa, babu wasiyya, babu takardar fili. Mai gida shi takarda ke riƙewa. Ma'aikaci kuwa sai ka bi shi ta bayan fage, kuma inda na same shi shi ne layin da ke nuna garin haihuwar 'ya'yansa. A ƙidayar 1871 'ya'ya biyar ne a gidan, an haife su a ƙauyuka huɗu dabam-dabam. Na shimfiɗa taswira a ƙasa na ɗiga wa kowane ƙauye alama da biro, sai ga hanyar mutumin ta fito: duk bayan shekara biyu ko uku ya ɗaure kaya, ya ɗora mata da yara a keken doki, ya nufi wani injin. Sau da yawa ɗakin kwana na mai injin ne, in aiki ya ƙare, matsuguni ma ya ƙare.

Na je Maud Foster, injin iskar da aka gina a 1819 a nan Boston, don in ga aikin da idona. Hawa-hawa ne, matakala a tsaye, ƙurar gari ta kwanta a kan komai. Mai aiki a irin wannan wuri ba shi da lokacin tashi, iska ce ke ba shi umarni. In ta taso da tsakar dare, da tsakar dare zai tashi, don gobe tana iya ɗaukewa. A wancan zamani duwatsun niƙan alkama masu kyau daga Faransa ake kawo su, gutsure-gutsure a haɗa a ɗaure da ƙarfe, na abincin dabbobi kuma daga tsaunukan Derbyshire. Dutse in ya yi sulɓi sai an ɗaga shi an koɗa da ƙarfe mai kaifi, mutum na kwance a gefensa yana sara layi-layi. Ɓurɓushin ƙarfen yana shiga bayan hannu ya zauna, ya bar ɗige-ɗige masu shuɗi har mutuwa. Da na ji wannan sai na tuna kakata da makoɗinta a tsakar gida, da tarin da mahaifina yake yi da asuba.

A ƙidayar 1881 har yanzu mai niƙa ne. A ta 1891 an rubuta masa lebura. Na daɗe ina kallon kalmar nan a fuskar kwamfuta, ina tunanin ko ya yi laifi ne aka kore shi. Sai da na bar takardun gidan na karanta tarihin sana'ar na gane ba shi kaɗai ba ne. An soke dokokin da ke taƙaita shigo da hatsi Ingila a 1846, sannan daga shekarun 1870 alkamar Amurka mai arha ta riƙa kwararowa ta jiragen ruwa. Alkama ce mai tauri, duwatsu ba sa fitar da farin gari daga gare ta yadda sababbin injinan naɗin ƙarfe, waɗanda suka bunƙasa a Hangari, suke yi. A 1878 wani injiniya mai suna Henry Simon ya kafa irinsu a Manchester. Joseph Rank, wanda ya fara da hayar injin iska a Hull a 1875, ya koma gina manyan masana'antu a bakin ruwa. Niƙa ta tashi daga ƙauye ta koma tashoshin jiragen ruwa, mutumin da ya shafe shekara arba'in yana gane laushin gari da babban yatsa ya koma ɗaukar shebur. Takardar mutuwarsa ta ce ciwon ƙirji ne, kuma ba ta ambaci niƙa ba ko kaɗan.

'Ya'yan sun watse. Mata sun shiga aikatau a gidajen masu hali tun suna 'yan shekara 13 ko 14, kuma su suka fi wahalar nema, don aure yana canja musu suna. Babbar, zanen gicciye ta yi a rajistar aurenta a madadin sa hannu. 'Yar autar, wadda ta taso bayan an wajabta zuwa makaranta a 1880, ta rubuta sunanta tsaf. Ɗan da maƙwabciyata ta fito daga tsatsonsa ya tafi Hull, yana dakon buhunan alkama a tasha.

Na yi kwanaki ina jinkirin faɗa mata. Ranar da na shiga, na ce, "Iya, injin ba nasa ba ne." Ta yi shiru. Na miƙa mata takardar ƙidayar 1911, wadda ita ce ta farko da aka ajiye da rubutun mutanen gida na hannunsu. Matarsa na raye a lokacin, tana zaune wurin wata 'yarta. An tambayi matan aure 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye, nawa suka rasu. Ba a nemi waɗanda mazansu suka mutu su amsa ba, amma an cike mata: 9, 5, 4. Wani jami'i ya ja layi ya soke, sai dai lambobin na nan ana karantawa. Ni bakwai na sani. Biyu sun zo sun koma tsakanin ƙidaya da ƙidaya, babu takardar ƙidayar da ta taɓa ganinsu.

Ta sa tabarau, ta bi lambobin da yatsa, ta ce in nemo mata sunayen biyun nan. Na koma jerin haihuwa da sunan gidan su uwar, na same su a daren, mace da namiji. Da safe na rubuta mata su a takarda na kai mata, ta liƙa a jikin firji kusa da hotunan jikokinta.