Tafiyata Mai Wurno da labarin cocin ƙauyen su innata

Wani hutu ne kafin yaƙin nan na 2023 ya tarwatsa mu, abokina ɗan ajinmu ya matsa sai na bi shi garinsu Mai Wurno. Ni ɗan Adamawa ne karatu ya kai ni Khartum, shi kuma haihuwar Sudan ne, Hausarsa duk ta sha Larabci, sai kaji yace yalla mu wuce suk mu sha shayi. Da asuba muka shiga bas a tashar Mina Barri ta Khartum, muka bi titin Madani, hagu da dama gonakin Jazira ne da magudanan ruwa har ido ya gaji. A Madani aka tsaya muka ci ful, wato dafaffen wake, da burodi, daga nan barci ya kwashe ni sai Sinnar, inda naga dam ɗin da Turawa suka gama a 1925 yana nan daram. Daga Sinnar ƙaramar mota muka hau muka yi kudu, ba nisa, sai ga gari a bakin kogi.

Abin da ya fara ba ni mamaki Fillanci ya fi yawa a bakin mutane, sai Larabci, Hausa kuma ta unguwa unguwa ce. A gidan kakan abokina muka sauka, tsoho ne tukuf amma kunne garau, yana kishingiɗe kan angareb, gadon igiya irin nasu, ana zuba masa jabana, wato gahawa, a 'yan mitsi-mitsin kofuna, ga ƙamshin citta ya cika zauren. Da muka gama gaisawa sai ya soma jero tarihi ba wanda ya tambaye shi: yadda Nasara suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fito da jama'a za a yi hijira gabas, aka tare su a Burmi aka kashe shi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane har bakin wannan kogi wajen 1906. Sai ya juyo yace "kai ɗana daga ina a ƙasar?" nace Numan, Baba. Yace bai san ta ba. Nace ai kun san kogin Gongola da ya bi ta kusa da Burmi, to inda ya je ya faɗa Binuwai nan ne Numan.

Abokina ne ya tono sauran, don bakinsa ba ya shiru, yace Alhaji ai wannan da ka gani dangin uwarsa duk Kiristoci ne, cocinsu ma da can sunan Sudan gare shi. Tsoho ya tashi zaune yace a'a, wane irin Sudan a Najeriya? Dole na kwance masa zancen tun daga tushe iya abin da na taso ina ji.

Akwai wani Bajamushe Karl Kumm, shi ne ƙashin bayan ƙungiyar mishan da aka kafa a Ingila a 1904 mai suna Sudan United Mission, lokacin duk faɗin ƙasar baƙar fata ta kudu da Sahara Sudan ake ce mata. Ban ɓoye wa tsoho komai ba, nace Baba manufarsa a fili take, so yake ya jera tashoshin mishan daga Kwara har Nilu su tare Musulunci kada ya gangara kudu, har shi da kansa ya keto daga Najeriya da ayari ya iso Khartum a ƙarshen 1909. Tsoho yayi dariya yace "ashe hanyarmu ya biyo". Mutanen Danmak suka ji kiran nasa suka kafa reshensu a 1911, su 'yan Lutheran ne, suka turo wani likita Niels Bronnum da matarsa da wata ma'aikaciyar jinya. Matar ko Numan ba ta gani ba, a Rumasha ta rasu bayan haihuwa, aka koma da jaririn Turai, likitan shi kaɗai ya ƙarasa Numan cikin ƙasar Bachama a watan Oktoba 1913. Gwamnatin Turawa ba ta barin 'yan mishan su yi wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi, shi yasa suka nufi irin waɗannan wurare. Tsoho yace nan ma haka Ingilishi suka yi, kudu da duwatsun Nuba suka tura su, kuma gaskiyarsa ne don wani reshen ƙungiyar ya buɗe tasha a Heiban cikin duwatsun Nuba a 1920.

Amma cocin ƙauyen su innata ba Bature ne ya kafa shi ba, nan ne ma labarin yake min daɗi. Yadda kakata take faɗa, wani saurayi ne ɗan ƙauyen aka kai shi Numan da gyambo a ƙafa, yana jinya yana leƙen aji, ya dawo da ƙafa lafiya da ɗan littafin koyon karatu a aljihu. Da yamma in an dawo gona sai ya tara yara gindin tsamiya yana zana musu baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Dattawa ba su so ba ko kaɗan, suna ganin zai raba yara da al'adar kakanni, har rumfar farko ta zana da suka kafa aka wayi gari an rushe ta, suka sake kafawa. Daga rumfa aka koma ginin laka da jinka, kujerun ma na laka ne dogaye, maza gefe mata gefe. Kwano kuwa sai da aka yi shekaru ana noma gonar ikilisiya ana sayar da dawa da gyaɗa kafin aka buga shi. Ƙararrawarsu har yau tsohon ƙarfen tayar mota ne a rataye jikin reshe, ana buga shi da guntun rodi, ina yaro in naje hutu mu muke rige-rigen bugawa ni da 'ya'yan kawuna, ba wanda ya taɓa cewa ɗan Musulmi ne kada ya taɓa.

Fasto ba kullum suke ganinsa ba, mai bishara ne ke riƙe da sujada, fasto sai in za a yi baftisma ko Jibin Ubangiji yake zagayowa. Sai 1948 ma aka naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko, su biyar. A 1956 cocin ya tsaya da ƙafarsa da sunan nan na Sudan, Akila Todi ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabance shi a 1960, cikin shekarun 1970 aka canza sunan ya koma na Najeriya, wato Lutheran Church of Christ in Nigeria, yanzu LCCN kowa ke cewa. A 2017 babban bishop ɗinsu Musa Panti Filibus har shugabancin tarayyar Lutheran ta duniya aka ba shi, ranar innata waya ta dinga yi kamar ɗanta aka naɗa.

Tsoho ya tambaya to da wane yare suke ibadar, Turanci? Nace Hausa, Baba. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 shi suka riƙe, waƙoƙi da Hausa, matan zumunta in sun fito da tulunansu da caki suna rangaji da Hausa suke rerawa sai jefi-jefi su sako na yare. Ni a ganina nan lissafin Kumm ya kwace masa, don mishan da aka kafa saboda tsoron tasirin Hausawa fatake da malamai ita ce ta shigar da Hausa lungunan da fatake ba su taɓa kwana ba, yau akwai jikokin masu bisharar da yaren kakanninsu sai kame-kame. Tsoho yace to ku can kun karɓi Hausa mu nan Larabci na ƙwace mana, ya nuna jikokinsa da ke wasa a tsakar gida, wallahi ba mai iya ƙirga goma da Hausa a cikinsu.

Da la'asar abokina ya zaga da ni naga gidan Sultan, sarkin garin, daga waje da masallaci, muka gangara bakin kogi inda ake lambun albasa da mangwaro, muka dawo ta kasuwa muka sayi agashe mai zafi a takarda, tsire ne sak sai dai lemun tsami da suke matsawa ya fi namu yawa. Washegari kafin mu kama motar Sinnar kakar gidan ta dama mana godo-godo, irin furarsu, tana tsaye a kaina sai na shanye, tana tambayata wai matan zumuntar nan su ma suna adashe, nace sosai ma kuwa Hajiya, da shi suka sayi kujerun roba.