Inda Na Kai a Lissafin Tetrakwak

'Yan'uwa masu karatun kwak, ga inda aikina kan tetrakwak, wato ƙwayar da kwak huɗu suka haɗa, ya tsaya a nan Gusau. Na ajiye manyan ƙa'idoji tukuna, na koma ga tarawa da cirewa da kalkuleta, bayan Isha'i.

Kwak su ne ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su yi furoton da niyutaron na cikin atam. Tun 1964 masana Gell-Mann da Zweig suka gabatar da ra'ayin cewa furoton kwak uku ne, ƙwayar da ake kira mesan kuma kwak ɗaya da kishiyar kwak ɗaya. Gell-Mann bai rufe ƙofar huɗu ko biyar ba. Sai 2003 gwajin Belle a Japan ya gano X(3872), ƙwayar da ake zaton kwak huɗu ce, daga nan gardama ta tashi. Wasu sun ce kwak huɗun a cure suke, kamar mutum huɗu a ɗaki ɗaya. Wasu sun ce mesan biyu ne maƙwabta, kowa da gidansa, zumunci ne kawai ya riƙe su.

Ku gwada wannan. Nauyin mesan D0 kusan MeV 1864.8 ne (MeV ma'aunin nauyi da ƙarfin ƙwayoyi ne), na mesan D*0 kuma 2006.9. Ku tara, ku ga 3871.7, wato daidai nauyin X(3872), kamar dai mesan biyun ne a gefen juna. Na maimaita da wani tetrakwak, Tcc, wanda gwajin LHCb ya sanar a cibiyar bincike ta CERN a 2021: D0 da D*+ sun ba ni 3875.1, shi kuwa yana ƙasa da haka da kusan MeV 0.3 kacal, wannan giɓin shi ne ƙarfin riƙonsa. Don kwatanci, diyutaron, furoton da niyutaron da ke manne, ƙarfin riƙonsa MeV 2.2 ne. Da na saka 0.3 a lissafin girma, faɗin Tcc ya fito wajen femtomita 8 (ma'aunin tsawo ne na ƙwayoyi), alhali daga tsakiyar furoton zuwa gefensa bai kai 1 ba. Abin da ya baje haka da wuya a kira shi curarre.

Fentakwak (mai kwak biyar) Pc(4312) na 2019 ma haka yake, 'yan MeV kaɗan ƙasa da jimlar nauyin Sigma-c, mai kwak uku, da mesan D.

Ni dai na karkata ga ra'ayin maƙwabtaka, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. X(3872) yana fitowa da yawa a karon furoton mai tsananin ƙarfi, inda abu mai sako-sako ya kamata ya tarwatse. Ga kuma X(6900) na 2020, duka huɗun kwak ɗin na nau'in cam ne mai nauyi, don haka babu musayar fayon, mesan mara nauyi da kan riƙe maƙwabta, da za ta ɗaure su.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan shiga tsarin kwak bibbiyu na masani Maiani da abokansa, wanda ke ɓangaren masu cewa a cure suke. Wanda ya ƙware a lissafin juyin kwak (spin), ya taimaka mini da shi.